Taragon Saude

Ku samarin da kuke tsayawa bakin rumfata a kasuwar Tasawa kuna ɗaukata hoto da salula, ku nake yi wa wannan rubutu. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa ran nan, mai baƙin tabarau, wai aikin yara ne, a ba shi gwangwani da almakashi kafin la'asar ya fitar da jirgi. Na ba shi. Ya yanke yatsa, ya ɓata mini gwangwanin madara mai kyau, ya tafi ko sai an jima bai ce ba. Lakwal ɗin da na yi, wato makarantar boko, ba ta yi nisa ba, amma hannuna ya iya rubuta abin da na sani. In kun iya zama wuri ɗaya, ku karanta.

Sunana Isufu, ana ce mini Mai Jirgi. Jirgin ƙasa na wasa nake ƙerawa da gwangwani: kai, da taragu, da dogon da suke bi. A ƙasarmu nan babu dogo. Tun ina yaro ake cewa yana tafe, ga furfura ta fito mini, har yau yana tafe. Jirgin da mutanen Tasawa da Mayahi suka taɓa da hannunsu, daga rumfar ubangidana Baba Nomau ya fito, ko daga tawa. Zan nuna muku sana'ar ta kan tarago guda, na wata mata mai suna Saude, wadda ta girma har ta aurar da ɗiya ba ta da tarago a jirgin gidan ubanta, ga uban kuma yana shirin raba jirgin kowa ya ɗauki nasa.

Amma sai kun san yadda ake yin tarago tukuna.

Baba Nomau ya yi cin rani a Ƙaura Namoda zamanin gyaɗa, lebura ne a shagon da ake gyaran taragu na gaske. Kwance yake wuni a ƙarƙashinsu yana shafa musu mai. Ya dawo Mayahi kunnensa ɗaya ba ya ji, kansa cike da jirgi. Da aka koro ni daga lakwal, babana ya kama hannuna ya kai ni wurinsa. Aikin farko da ya ba ni buɗe gwangwani ne. A cire marfi da gindi, a tsaga ta wurin ɗinkinsa, a shimfiɗa a kan wani guntun dogo da ya tsinto can ya zo da shi, shi ne maƙerarmu, a buga da gudumar itace har ya kwanta. Ta itace na ce. Gudumar ƙarfe tabo take bari, tabo kuwa in ya shiga gwangwani ba ya fita. Damina ta zo ta wuce ina buɗe gwangwani, ban taɓa dalma ba.

Taragon farko da na haɗa da kaina, na yi masa akwati mai kyau, da ƙofa mai zamewa, na ɗora shi kan dogo na tura. Ko taki biyu bai yi ba ya kife. Baba Nomau ya ɗauka, ya juya cikinsa sama, ya dubi ƙafafun.

Ya ce, "Kai, ina jakin?"

Na ce, "Wane jaki, Baba?"

"Wanda za ka ɗaura mishi. Ai amalanke ka yi."

Duk ɗan ƙasar nan haka yake farawa, don amalanke muka buɗi ido muka gani. Ƙafar amalanke sumul take, tana bin inda jaki ya ja ta. Ƙafar jirgi leɓe gare ta ta ciki, shi ke riƙe ta a kan dogo. Mu da marfin kwalba muke yinta: a cika shi da dalma ya yi nauyi, a manna masa faifan gwangwani da ya ɗan ɗara shi faɗi ta baya, wannan faifan shi ne leɓen. A huda tsakiya daidai, in hudar ta karkace tarago zai riƙa ɗingishi har ya mutu. A zura wayar ƙafar keke ta haɗa ƙafa biyu. Sannan shasi, gindin da ke zama kan ƙafafun, sannan akwati. Ku akwatin kuke fara kallo don shi ke da fenti, alhali shi ne abin da kowa ke iyawa. Tarago daga ƙasa ake fara shi.

Tsakanin dogo da dogo faɗin yatsa uku ne na Baba Nomau. Ya yanka ƙarfe daidai da su, shi ne ma'auninmu, yana wurina har yau. Gaban kowane tarago ƙugiya, bayansa zobe, kuma dole tsayinsu daga ƙasa ya zama ɗaya. Tarago in ya cika tsawo ba ya shan kwana. In ya cika sauƙi, na bayansa su fizge shi. Wannan duka ba a ganinsa a hoto.

Me ya sa ma'auni ba ya canzawa? Saboda masu sayenmu. Akwai mushen lakwal, wato malamin makaranta, da ke saye ya nuna wa yara, akwai mai bitik da ke ajiyewa a kantinsa don ado. Amma waɗanda suka riƙe mu manoma ne, daga wajen Kanan-Bakashe har Hawandawaki, da wata al'ada da ta tsiro a bakin rumfar Baba Nomau ba wanda ya san wanda ya fara ta. Mutum in an yi masa haihuwar fari, sai ya sayi kan jirgi da dogo. Daga nan duk ɗan da aka haifa, ɗa ko ɗiya, uban zai zo da gwangwanin da aka buɗe aka yi girkin sunansa, na tumatir ne, na mai ne, na madara ne, mu mayar da shi tarago. Da wannan gwangwanin kaɗai, ba da wani ba. Ran Sallah a fito da dogon a shimfiɗa a tsakar gida, 'ya'ya su ja jirgin da igiya bi da bi, babba ya fara. Akwai gidan da jirginsu ya yi tsawo har kai na neman cin wutsiya. Maigidan ya zo yana ƙorafi, Baba Nomau ya ce masa ko ya ƙara dogo ko ya rage ƙoƙari.

Da Baba Nomau ya rasu na dawo Tasawa da guntun dogon nan da ma'auni. Na ci abinci da sana'ar, ban ce ban ci ba. Sai shekarar da tumatir ya koma leda. Madara ma ta bi shi, mai ya koma jarka. Ɗan gwangwanin da ya rage, masu sayen tsohon ƙarfe suka riƙa bi gida gida suna kwashewa. A daidai lokacin kuma motocin roba masu wuta da kuka suka cika kasuwa. Wani mutum ya zo mini da ledar tumatir a ninke, ya ce da ita aka yi girkin sunan ɗansa, in yi dabara. Na ce ya kai wa tela. Shekarar nan mazurari na yi ta yi wa masu sayar da isansi, wato fetur, a kwalba, ina liƙe butoci, ina ƙera murhu. Ni da Baba Nomau ya koya wa leɓen ƙafa. Masu ofis da ke zuwa da kamara ran bikin sana'o'i su ce al'adarmu ce, kada ta ɓace, ko ɗayansu bai leƙo ya ga ko ina raye ba.

Cikin wannan halin Saude ta zo, ran kasuwa, saura 'yan kwanaki Sallar layya. Mai sayar da ƙuli-ƙuli ce, doguwa, muryarta kamar tana faɗa ko gaisuwa take yi. Ta sauke tirenta a kan bencina ba ta tambaya ba.

Ta ce, "Kai ne yaron Baba Nomau?"

Na ce, "Da wanga gemu?"

"Tarago nika so."

"Kawo gwangwanin sunan."

"Babu."

"To babu tarago. Na wane yaro ne?"

Ta ce, "Nawa ne."

Ta zauna ta yi mini bayani. Ubanta Baba Gonda, a wani ƙauye bayan Hawandawaki, duk 'ya'yansa suna da tarago sai ita. A shekarar yunwa aka haife ta, aka ce ba a buɗe komai ba ran sunanta. Ta tashi ran Sallah tana tsaye jikin danga, yayye da ƙanne suna ja, in ta miƙa hannu su ce ai ba ta cikin jirgi. Yanzu tsohon idonsa ya tafi, ƙafa ta ƙi, ya aika wa kowa cewa Sallar nan za a ja na ƙarshe, sannan ya ɓalle wa kowa nasa ya tafi da shi gidansa.

Ta ce, "Kowa zai fita da abu a hannu, jikoki na kallo. Ni in fita da mi? Ka yi mini da kowane gwangwani, wa zai sani? Baba ba ya gani."

Na ce, "Hannunshi na gani. Ni kuma ba na yin na ƙarya. Amma ban taɓa jin sunan da aka yi ba a ɗora tukunya ba. Innarki na da rai?"

"Tana nan."

"To mu tahi in tambaye ta."

Ba wai tausayi ne ya tashe ni ba. Na gaji da mazurari.

Na ɗaure guntun dogo, almakashi, awartaki, magagari da dalma a buhu. Motar kasuwa ta kai mu Hawandawaki, daga nan kabu-kabu cikin yashi, buhun na dukan bayana har muka isa. Muka tarar da Baba Gonda a zaure kan tabarma, ɗan siririn tsoho, carbi a hannu. Da ya ji daga rumfar wa na fito sai ya riƙe hannuna yana shafa kantar da ke tafin, ya yi wa Baba Nomau addu'a mai tsawo. Babban ɗansa Haru ya fito da jirgin daga ɗaki.

Na ga aikin ubangidana ina ganewa daga nesa. Dogon zagaye ne, an kafa shi a kan katakai huɗu da ake haɗawa. Taragu uku na gaba ƙananan marafa ne ƙafafunsu. Na baya kuwa manyan marafa, don bayan yunwa Baba Nomau ya canza irin kwalbar da yake samu, shasi ya ɗaga, ƙugiya ta ɗaga da shi. Ƙugiyar na huɗu ba ta taɓa shiga zoben na uku ba. Da tsumma aka ɗaure su, tsumman ya yi baƙi don tsufa. Gurbin Saude ke nan.

Na shiga cikin gida na gaida Inna Hajo, uwar Saude, tana tsinke zogale. Na ce, "Inna, ran sunan Saude da mi aka yi miya?"

Ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure. "Da man taimako. Wanda aka raba a Hawandawaki, muka wuni a layi. Ga gwangwanin can."

Ta nuna akurkin kaji. Ƙofarsa wani babban gwangwani ne da aka buɗe aka kafa da ƙusa, ya yi ja da tsatsa.

Saude ta ce, "Inna! Kullum ina buɗe ƙofar nan tun ina yarinya, ba ki taɓa hwaɗa mini ba?"

"Ubanki ya hana. Je ki tambaye shi."

Tsohon bai jira an tambaye shi ba. Daga zaure ya ce, "Ni Gonda, da rumbuna uku kahin shekarar nan, in ɗauki gwangwanin bara in ratsa kasuwar Mayahi da shi? Ɗiyata ba ta shiga jirgi da abin roƙo."

Saude ta je ƙofar zauren ta durƙusa, amma muryar ba ta durƙusa ba. "Baba, man da ke ciki kun zubar ko kun ci?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ɗora.

"Inna ta ci ta samu nonon ba ni. In ba kunya ba ne ya shiga cikina, don mi zai zama kunya ya hau dogo?"

Haru ya ce, "Ke, da Baba kike magana hwa."

"Na sani, Yaya. Kai naka na madara ne, shi ya sa bakinka ke da daɗi."

Tsohon ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Yaron Nomau, abin zai yiwu ma? Kaji sun gama da shi."

Na ce, "In ka ce a yi, sai in gani."

Ya ce, "Ban ce a yi ba. Ban kuma hana ka duba ba."

Na ɓamɓaro ƙofar, Inna Hajo ta toshe akurkin da tsohon faifai. Ban taɓa aiki da gwangwani mai wuya irin wannan ba. Kauri gare shi, irin na da, gefensa duk ya cinye, sai tsakiyar ke da rai. Na jiƙa shi a ruwan tsamiya, na goge da yashi da toka, na sake jiƙawa. Tsatsar sama ta fita, har wasu baƙaƙen rubutun waje suka bayyana rabi-rabi, amma ta cikin ramuka ta zauna. Dalma kuwa ba ta kama tsatsa, ko ka yi mata kuka. Sai na koma yadda Baba Nomau ya ce ana haɗa na gaske: na karya bakin kowane gefe na sarƙe shi da ɗan'uwansa kamar kalmasar tela, na huda, na yanka guntayen wayar jan ƙarfe na buga su suka zama ƙusoshi masu kai biyu. Almakashina ya dakushe, sai da na wasa shi a dutsen niƙan Inna.

Haru yana tsaye kaina yana ba da shawara. Wai tunda gwangwanin babba ne, in yi mata dogon tarago ta huce haushi. Na ce zagayen dogonku ƙarami ne, dogon tarago a kwanar farko zai sauka. Wai to in shafe rubutun da fenti. Saude daga bakin murhu ta ce wanda ya taɓa rubutun nan da fenti sai ya sha shi.

Ƙugiyar ce aikin. Ta gaba na lanƙwasa ta ƙasa don ta shiga zoben na uku, zoben baya na ɗaga shi don ya karɓi ƙugiyar taragon ƙanen da ke biye da ita a haihuwa. Tarago ɗaya, tsayi biyu. Na yanke tsumman, na sa shi a gurbinsa, duka biyun suka shiga. Ranar jajibere da hantsi na ja don gwaji. A miƙe lafiya lau. Muna shiga kwana, taragu ukun gaba suka kwanta ciki gaba ɗaya.

Haru ya yi dariya har da tafi. "Ka gani? Tun tana ƙarama haka take, in ta shigo sai ta kada mutane."

Na sake ja, suka sake kifewa. Saude ta koma ga tukunyarta ta ba mu baya. Na zauna na dubi abin. Laifin ba na taragonta ba ne, nauyi ne. Nata mai kauri ne, na gaban na gwangwanin madara da tumatir ne marasa nauyi, in igiya ta ja gaba, nata ya ja baya, sai na tsakiya su tashi. Rage nata ba ya yiwuwa. Sai dai a ƙara wa na gaba.

Na ce, "Haru, zan ɗiga dalma a cikin naka da na ƙannenka biyu."

Ya ce, "A'a. Aikin Baba Nomau ne, ba mai taɓa mini shi. Gobe da shi zan tahi yadda yake."

Daga zaure tsohon ya ce, "Haru, wa ya kai gwangwanin Mayahi, ni ko kai?"

"Kai ne, Baba."

"To ba naka ba ne sai gobe. Yaron Nomau, zuba."

Na hura gawayi, na narka dalma, na ɗiga a ƙarƙashin kowanne daidai tsakanin ƙafafu. Na ja. Ya sha kwanar farko, ya sha ta biyu, ya dawo inda ya tashi.

Ran Sallah bayan an sauko daga idi, kafin a taɓa rago, aka shimfiɗa dogon a tsakar gida. Gidan ya cika da 'ya'ya da surukai da jikoki. Aka ɗauko Baba Gonda aka zaunar da shi gab da jirgin. Ya miƙa hannu ya sami kan, ya bi baya yana shafa kowane tarago yana kiran sunan mai shi, mai shi na amsawa. Da ya zo kan sabon sai hannun ya tsaya. Ya bi ƙusoshin ɗaya ɗaya da yatsa, ya bi ramukan tsatsa, ya ɗan ɗaga shi ya ji nauyinsa.

Ya ce, "Saude."

Ta ce, "Na'am, Baba."

Ya wuce na gaba kamar ba a yi komai ba, har ya kai wutsiya.

Haru ya ja zagayensa, na biyu ya ja, na uku ya ja ya miƙa igiyar. Saude ta gyara ɗaurin zanenta, ta sunkuya, mace mai suruki, ta kama igiya ta ja. Ƙafafun suna ƙara a kan dogo, jikoki na bin ta da ihu. Ta zagayo ba ta tsaya ba, ta shiga na biyu. Ƙanenta da ke biye da ita ya ce, "Yaya, ai ɗaya-ɗaya ne."

Ta ce, "Sallah nawa kuka ja ina jikin danga? Nemi wuri ka zamna."

Haru ya sunkuya wajen kunnen tsohon. "Baba, rana na yi, ga rago na jira. In ta gama a fara ɓallewa?"

Tsohon ya karkata kai yana sauraren ƙarar jirgin da ke zagayowa.

Ya ce, "Yau ya cika, yau za ku raba shi? Wanda ya ɓalle ƙugiya ɗaya ban yafe ba. Ku je ku yanka ragonku, ku ƙyale ta ta ja."